MUTUM BIYAR, MABUƊI ƊAYA

Ran nan muna aji, malaminmu na nahawu yana yi mana bayanin lamirin suna, sai ya iso kan wanda ake samu cikin "an tafi" da "ana zuwa" da "aka ce", watau wanda wasu masana ke kira mutum na huɗu. Ya ce da shi ne Bahaushe kan faɗi aiki ba tare da ya ambaci wanda ya aikata shi ba. Abokan karatuna suna ta rubutu, ni kuwa alƙalamina ya tsaya cik, domin na taɓa gamuwa da wannan lamiri ido da ido a wani ɗan ofis a garinmu Dutse, har ya kusa jawo mini abin kunyar da zai bi ni muddin raina. Labarin ke nan da nake so in ba malamaina da 'yan'uwana ɗalibai. Na san wani zai ce me ya haɗa Sashen Hausa da zancen kwamfuta. To, a yi haƙuri a biyo ni, in Allah ya so za a ga mahaɗin.

Na gama sakandare a shekarar 2018, amma ban sami gurbi a jami'a ba a wannan shekara, saboda haka mahaifina ya ga gara in koyi sana'a da in zauna zaman kashe wando a bakin titi, ya kai ni wani shago in koyi aikin kwamfuta. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Tun ranar 27 ga Agusta 1991 da aka cire Jigawa daga jihar Kano aka mai da Dutse hedkwata, garin da a da bai wuce Garu da 'yan unguwannin gindin duwatsu ba ya cika da ofisoshi. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, aka cusa wa samarin jihar sha'awar na'ura, har aka kafa makarantar koyonta a Kazaure. Da Jami'ar Tarayya ta zo Dutse a 2011 kuwa, sai shagunan buga takardu suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina. Hannuna ya faɗa da wuri, saboda haka a farkon daminar 2019 wani aminin mahaifina ya samo mini aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta, wadda ba zan ambaci sunanta ba, a kan albashin naira 15,000 a wata. Mahaifina shi ya tsaya mini, ya sa hannu a takarda cewa in wani abu ya ɓata ta hannuna shi zai biya.

Aikin ƙungiyar shi ne ba manoma takin zamani bashi da faɗuwar ruwa, su biya bayan kaka. Manoman sun kai 400, daga Kudai da Sakwaya da Madobi da Chamo, har zuwa wajen Kiyawa da Jahun. Mu biyar ne a ofishin. Akwai Manaja. Akwai Hajiya Kashiya mai riƙe da akwatin kuɗi da littafin rasit. Akwai wani dattijo da muke ce wa Baba Akawu, wanda ya yi aikin ƙaramar hukuma tun Jigawa tana cikin Kano har ya yi ritaya. Akwai wani saurayi mai zagaya ƙauyuka yana karɓo biya, muna ce masa Mai Babur. Sai kuma ni, autansu, wanda kowa ke kira yaron kwamfuta.

Lissafin bashin duka yana cikin abin da ake kira rumbun bayanai. Ga wanda bai taɓa aiki da shi ba, ya ɗauka babban littafin bashi ne irin na 'yan kasuwa, sai dai yana cikin na'ura: kowane manomi da layinsa, ga sunansa, ga ƙauyensa, ga yawan buhunan da ya karɓa, ga abin da ya biya, ga kuma ɗan gurbi a ƙarshe inda ake rubuta gajeren bayani. Ba a shiga rumbun sai da suna da kalmar sirri, su ne ƙofa da mabuɗi. Bayan wannan akwai wata rijista a ɓoye, wadda na'urar kan cika da kanta. Duk abin da aka taɓa sai ta rubuta lokacin da aka taɓa shi, da kwamfutar da aka yi aikin a kanta, da sunan wanda ya shiga. Manufar wannan rijista ita ce ranar da aka ce wa ya yi, a sami amsa.

To, amma mu suna ɗaya gare mu da kalmar sirri ɗaya. Sunan na ofishin ne, kalmar kuwa an rubuta ta a bayan kalandar da ke rataye a bango, don kada wani ya manta. Dalili shi ne wanda ya sayar mana da manhajar kuɗi yake karɓa a kan kowane suna da aka buɗe, Manaja kuwa ya ga asara ce a biya kuɗin ƙofa biyar alhali ɗaya ta ishe mu. Yakan ce, "Ai duk ɗaya muke, babu bare a nan." Gaskiya kuwa zaman ya yi daɗi. In Hajiya ta tashi salla ni kan ƙarasa mata abin da ta fara, in ido ya dami Baba ya miƙo mini takardunsa, in na fita sayen abinci in bar na'urar a buɗe don kada wani ya sha wahalar sake shiga. Ban taɓa ganin aibin haka ba, hasali ma alamar yarda da juna na ɗauke shi.

Ana nan har kaka ta wuce. A watan Janairun 2020 mai binciken kuɗi ya zo kamar yadda ya saba, ya kwana biyu yana gwada abin da ke cikin na'ura da abin da ke cikin littafin rasit da abin da ya shiga banki. A rana ta uku ya fito da sunayen manoma 11 waɗanda rumbu ya nuna sun biya bashinsu kaf, alhali kuwa babu rasit, babu kuɗi. Abin ya haura naira 300,000. Manaja ya tara mu a ɗakinsa ya rufe ƙofa, ya ce, "An taɓa lissafi. An shigar da biyan da ba a yi ba." Sa'an nan ya buɗe rijistar nan ta ɓoye a gabanmu, muka duba gurbin wanda ya shiga, sai ga sunan ofis sau 11, ɗaya bisa ɗaya. Na'ura ta amsa tambayar da aka yi mata da gaskiya, amma amsar tata ba ta wuce abin da Manaja ya riga ya faɗa ba, watau an yi.

Ba wanda ya buɗe baki ya ce ni ne, amma ido ba ya ɓoye abin da ke zuci. Wa ya fi kowa zama a gaban na'ura? Wa ya san cikinta? Wa ya zo jiya jiya, ba a san halinsa ba? Da aka tashi sai Manaja ya tsai da ni ya ce, "Kai yaro, in kuskure ka yi ka faɗa mini tun muna mu biyu, kafin maganar ta kai ga mahaifinka." Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban san komai a kai ba." Ya ce to, ya ba ni mako guda. Daren nan ban runtsa ba. Kuɗin ma bai dame ni ba kamar tunanin mahaifina, mutumin da bai taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba, a ce yau an kira shi a kan ɗansa ya ci amana. A gari irin namu ba a wanke irin wannan tabo da sabulu. Ko neman aure ka je bayan shekara goma, sai an sami mai tunawa.

Kashegari aka kirawo injiniyan da ya ɗora mana manhajar daga Kano. Ni na zauna kusa da shi yana aiki, na kuwa koyi abin da ban koya a shago ba. Ya ce idan suna ɗaya ne, sauran sawu biyu suka rage a bi, watau wace na'ura da wane lokaci. Na'ura biyu gare mu, ɗaya a ɗakin Manaja, ɗaya a zaure. Duka 11 ɗin a ta zaure aka yi su, wadda kowa ke taɓawa, har da shi Manajan in tasa ta ƙi tashi. Sai lokaci. Uku daga ciki sun nuna ranar Litinin da rana, ranar kasuwar Shuwarin ke nan, lokacin da Mai Babur ke can yana tare manoman da suka kai amfanin gona. Sauran takwas kuwa wata tsohuwar shekara suka nuna, da tsakar dare, lokacin da ko ƙungiyar ba a kafa ba. Ashe ɗan batirin da ke riƙe wa na'urar agogo ya daɗe da mutuwa, duk sa'ad da aka ɗauke wuta sai agogon ya koma baya, in an tuna a gyara da hannu, in ba a tuna ba a ci gaba da aiki haka nan. Injiniya ya girgiza kai ya ce, "Ƙanena, wannan rijista ba za ta kama kowa ba, ba kuma za ta wanke kowa ba."

Wannan magana tasa ta ƙarshe ita ta fi tsaya mini a rai, domin mutane sun ɗauka na'ura ba ta ƙarya, saboda haka duk wanda ya fi kusa da ita shi ke ɗaukar laifin da ta nuna. Daga baya na karanta abin da ya faru a Ingila, na ga ashe ba a ƙaramin ofis kaɗai ake haka ba. Hukumar gidan waya ta can ta kawo wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya yi, sai kuɗi ya riƙa nuna giɓi a ƙananan rassa. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu riƙon rassa fiye da 900 a gaban shari'a, wasu aka ɗaure su, wasu suka tsiyace. An yi ta gaya wa jama'a cewa ba mai iya taɓa lissafin reshe sai mai reshen. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar manhajar tana da kurakurai, kuma ma'aikatan kamfanin suna iya shiga lissafin reshe daga nesa su canza shi. A 2024 majalisar ƙasar ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen. Ƙofar da aka ce ta mutum ɗaya ce ashe tana da mabuɗi a hannun wasu, shi kuwa mai suna a jikin ƙofar shi ya kwana a kurkuku.

Mu koma Dutse. Da na ga sawun na'ura ya ɓace, sai na tuna da ɗan gurbin nan na bayani. Na roƙi izini na buga bayanan wata uku a takarda, na kai gida na shimfiɗa su a kan tabarma ina dubawa da fitila. Nan na ga abin mamaki: suna ɗaya muke shiga da shi, amma hannu biyar ne a fili. Manaja da Turanci yake rubutu, a gajarce. Hajiya da manyan baƙaƙe take yin komai. Mai Babur haɗe kalmomi yake yi, ya rubuta "yabiya" da "yakawo", ya kuma gutsure sunayen garuruwa. Ni nakan raba kalmomi daidai, amma ba na damuwa da ƙugiya, sai in rubuta "kudi" da "kauye". Baba Akawu kuwa ba ya yarda ya bar harafi mai ƙugiya tsirara. Da yake madannan na'urar ba su da ɗ da ƙ da ɓ, sai ya sa ɗan waƙafin nan na sama kafin harafin, ya rubuta "ku'di" da "'kauye", kamar yadda ya saba tun zamanin tafireta. Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai, tun kafin haruffa masu ƙugiya su zauna. Na duba 11 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Kowanne cewa yake, "ya biya ku'di duka."

A lokacin ban san abin da nake yi yana da suna a fagen ilmi ba. Sai da na zo nan na ji labarin maƙalu 85 da aka buga a jaridun Amurka a 1787 da 1788 don goyon bayan tsarin mulkin ƙasar, dukkansu da sa hannun wani wai shi Publius, alhali kuwa mutum uku ne suka rubuta su, Hamilton da Madison da Jay. An daɗe ana gardama a kan 12 daga ciki, ko na Hamilton ne ko na Madison, har a 1964 wasu masana lissafi biyu, Mosteller da Wallace, suka ƙirga ƙananan kalmomin da marubuci ke amfani da su ba tare da ya lura ba, suka ce hannun Madison ne. Ni dai a daren nan murna kawai nake, na kama ɓarawo. Na yi niyyar da gari ya waye in kai wa Manaja takardun a gaban kowa. Mahaifiyata ce ta gan ni ina ta kai da kawowa, da na gaya mata sai ta ce, "Dattijo ne, sa'an ubanka. Ka je ka same shi a gida tukuna, zato zunubi ne."

Bayan sallar magariba na tafi Garu, na tarar da shi a ƙofar gida a kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Samari, lafiya da daren nan?" Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na miƙa masa takardun, na nuna masa inda na ja layi. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Ban ga fushi a fuskarsa ba. Can sai ya ce, "Ka yi aiki, ɗana. Wannan rubutu irin nawa ne, babu musu. Amma jira ni." Ya shiga gida ya fito da wani ɗan littafi na aljihu da ya sha jiki, ya buɗe, ya nuna mini ranakun Litinin uku. A kowace ya rubuta sunan manomi, da yawan kuɗi, da cewa Mai Babur ya bugo waya daga Shuwarin ya ce wane ya biya, a shigar, zai kawo kuɗi da yamma a yanka rasit. Ya ce, "Waɗannan uku ni na buga su da hannuna, bisa maganarsa. Laifina shi ne ban bi sawun rasit ɗin ba, gobe kuwa da bakina zan faɗa. Sauran takwas ban san su ba."

Na ce, "To Baba, waƙafin fa?" Ya yi murmushi ya ce, "Kai da ka zo bana ka gane yadda nake rubutu cikin dare ɗaya. Wanda ya shekara uku yana karanta shi fa? Wanda ya iya satar kuɗi, satar waƙafi ce za ta gagare shi? Kama da wane ba ta wane." Sa'an nan ya ba ni labarin zamanin da yake yaron akawu ana karɓar haraji da jangali, kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a jihar Kano. Ya ce kowane littafin rasit da lambarsa, an kuma san hannun wanda aka damƙa wa, kowane rasit da kwafinsa a ƙarƙashi da sa hannun mai karɓa, ko kwabo ya ɓata an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Tun ranar da aka ce masa mu biyar za mu riƙa shiga da suna ɗaya hankalinsa bai kwanta ba, shi ya sa ya sayi littafin nan yana rubuta duk abin da ya taɓa. Na tashi daga wurin jikina a sanyaye. Da na bi son zuciyata, da na tozarta dattijo a bainar jama'a da hujjar da na ɗauka ba ta da makusa, da kuma na yi masa daidai abin da ake shirin yi mini.

Abin da na'ura ta kasa, ƙafa ce ta yi shi. Manaja da Baba suka bi manoman nan gida gida. Takwas daga cikinsu, har da ukun da ke littafin Baba, suka ce Mai Babur suka ba kuɗinsu, wasu a kasuwa, wasu a ƙofar gida, da shaidunsu. Da aka tsare shi ya amsa, ya kuma amsa cewa shi ya shigar da biyar da kansa yana kwaikwayon rubutun Baba, a lokutan da muka bar na'ura a buɗe. Danginsa suka biya, aka sallame shi ba tare da an kai maganar hukuma ba. Amma ya rantse sauran ukun ba shi ba ne. Ɗaya daga manoman uku ya riga ya rasu. Na biyu ya ce ɗansa ya aika da kuɗin, ɗan kuwa ya tafi ci-rani kudu. Na uku wani tsoho ne da idonsa ya yi rauni, ya ce shi da kansa ya zo ofis. Aka ce wa ka ba? Ya ce, "An karɓa, an ce rasit ya ƙare, in dawo." Har yau ɗin nan da nake rubutu ba a san wanda ya karɓa ba. Aka raba asarar a kanmu mu huɗu da muka rage, kowa naira 20,000. Na yi wata guda da 'yan kwanaki ina aikin biyan kuɗin da ko ganinsu ban yi ba, kuma ba zan ce an zalunce ni ɗungum ba, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni ne na fi kowa barin ƙofar nan a buɗe.

Bayan haka aka sake kiran injiniya, aka buɗe wa kowa sunansa da kalmarsa, kuɗin da aka biya kuwa bai kai rabin abin da aka yi asara ba. Ya kuma yi mana wasu gyare-gyare da ya ce in babu su raba sunayen aikin banza ne. Ya bayyana mana cewa sau da yawa ita manhajar da ma'aikaci ke gani a gabansa da suna ɗaya tak take shiga rumbu a madadin kowa, kamar ɗan aike guda da gida duka ke aika kasuwa, saboda haka sai an sa ta ta riƙa rubuta sunan wanda ya aike ta a jikin kowane aiki, in ba haka ba rumbu ɗan aiken kaɗai zai sani. Ya sa rijistar ta riƙa ajiye abin da ke wurin kafin a canza da abin da aka mayar, ya kuma kai ta inda ba mai iya gogewa a cikinmu, har Manaja. Ya sa sabon batir, ya ɗaure agogon da na intanet. Ya sa na'ura ta kulle kanta in an bar ta 'yan mintoci. Daga ƙarshe ya kawo tsarin da bankuna ke bi, watau wanda ya shigar da biya daban, wanda zai tabbatar da shi daban. Wannan tunani na ɗaure kowane aiki da mutum guda shi ne ya sa Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN a 2014, wadda da taimakonta Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ba da sanarwar cire sunayen ma'aikatan bogi kusan 24,000 daga takardar albashi a 2016.

Yanzu bari in dawo kan lamirin da na fara da shi. Ba na cikin masu ganin "an" aibi ne a harshenmu. Da shi muke kunya, da shi muke ladabi. Yaro kan ce wa babba "an dawo lafiya?" don nauyin ya ce "ka dawo". Matar kirki kan ce "an fita" ba ta kama sunan maigida ba. Wanda aka aiko kan ce "an ce ka zo". In yaro ya fasa tulu a gida uwa ta ce "an fasa", ta rufa masa asiri, zumunci ya zauna. Duk wannan alheri ne a bakin mutane, inda kowa ya san wanda ake nufi, aka dai zaɓi a sakaya. Littafin amana kuwa wuri ne da ba a san wanda ake nufi ba sai an rubuta, kuma in aka sakaya a can, mai laifi ne ke samun mafaka, zargi ya gangara kan wanda ya fi kowa rauni. Magabatanmu sun san wannan bambanci. Mu da muke nazarin rubutattun waƙoƙi mun ga yadda mawaƙi kan faɗi sunansa a baitocin ƙarshe, ya sa shekara da ramzi, mun kuma ga yadda mai kwafar littafi kan rubuta sunansa a ƙarshen aikinsa, ya roƙi a yafe masa kuskure. Mutanen da suka fi mu kunya ba su ji nauyin sa suna a inda ake bukatar a san mai alhaki ba.

Abin da ya sa na ga ya dace in kawo wannan labari a mujallarmu shi ne ina ganin irinsa kullum a tsakaninmu. Ɗalibi ya je shago yin rajista, ya ba yaron shago lambarsa da kalmar sirrinsa, ya tafi bai canza ba. Wata ta ba ƙawarta tata ta duba mata sakamako. Mutum goma su yi aikin ƙungiya da akwatin saƙo ɗaya, ranar da aka aika wa malami maganar da ba ta dace ba kowa ya ce ba shi ba ne. In an yi magana sai a ce ai yarda ce. Mu ma haka muka ce, kuma yardar da muke taƙama da ita ita ta fara mutuwa: bayan abin nan Hajiya ba ta ƙara barin jakarta a zaure ba, ni kuwa har na bar aikin ban daina tunanin wane ne a cikin mutum ukun da nake gaisarwa kowace safiya ya ce wa tsoho rasit ya ƙare ba. Su ma na san haka suke tunani a kaina.

Na bar ƙungiyar da na sami shiga jami'a. Ranar da na je sallama, Baba Akawu ya ba ni sabon ɗan littafin aljihu irin nasa, ya ce in riƙa rubuta abin da hannuna ya taɓa na mutane, da rana da wata. Bara da aka ba ni riƙon kuɗin ƙungiyar ɗaliban garinmu, a cikinsa nake rubuta komai, kowa ya kawo ya sa hannu a gefen sunansa. Wasu suna yi mini dariya, wai na cika tsufa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya kuma tsare mu da ɗora wa wani laifin da ba nasa ba, amin.